Ƙirga Jarka, Ɗauki Hoto: Jagorar Tattalin Ruwa a Ranin Jos

Rijiyar gidanmu a unguwar Rikkos ba ta cika wuce tsakiyar watan Maris da ruwa ba. Tun ƙarshen Janairu guga yake fara fitowa rabi. A Fabrairu sai wanda ya yi sammako ke samun na kirki. Daga nan sai wata safiya ka ji gugan ya daki ƙasa, ƙwal, ya dawo da laka. Ranar da aka ji wannan ƙara uwargida ba ta cewa komai, sai dai ta tura yaro bakin titi ya tsayar da mai ruwa.

Abin mamaki, Jos ba garin ƙarancin ruwan sama ba ne. A shekara ana samun wajen milimita 1,300 zuwa 1,400, wato ya ninka abin da ke sauka a birnin Landan. Daga kan wannan tudu namu, wanda ya haura mita 1,200 daga doron teku, kogin Kaduna da na Gongola suka taso. Matsalar ita ce ruwan kusan duk tsakanin Afrilu da Oktoba yake zuba, sannan ƙarƙashin ƙafarmu dutse ne. Ruwan ƙasa yana maƙalewa ne a 'yar ƙasar da ke saman dutsen da kuma cikin tsagoginsa, shi ya sa rijiyoyinmu suke cika da wuri, suke kuma ƙafewa da wuri. Rani kuwa wata biyar ne cur. In aka yi rashin sa'a damina ta makara ko ta ɗauke da wuri, abin ya tashi daga rani ya koma fari, irin wanda dattawa suke ba da labarinsa na 1973 da 1984.

Abin da shekaru suka koya mini shi ne, mutum ba ya tattalin abin da bai auna ba. A cikin gida ma'aunin jarka ce. A waje kuwa, inda rafi da kududdufi ba na kowa ba ne, ma'aunin da na samu shi ne kyamarar waya. Da na cikin gida za mu fara.

Mataki na farko: mako guda na ƙirga

Kada ka canza komai tukuna, kada kuma ka tara iyali ka yi musu wa'azi. Samo alli ko gawayi, ka zaɓi bango kusa da inda ake ajiye ruwa. Duk jarkar da aka juye, a ja layi ɗaya, a rubuta abin da aka yi da ita: girki, wanka, wanki, wanke-wanke, banɗaki. Ka duba jikin jarkar ka tabbatar ko mai lita 20 ce ko mai 25, don 'yan ga-ruwa suna da duka biyun. In da tanki kake aiki, ka sa sanda ka auna zurfin ruwan safe da yamma.

Mu takwas ne a gida. Kafin ƙirga na rantse wankan samari ne ke cinye mana ruwa, har na yi ta faɗa a kai. Da mako ya cika, bango ya ƙaryata ni. Jarka goma sha biyu muke juyewa a rana, wato lita 300, kuma mafi yawa ba a wanka suke tafiya ba, a banɗakin zamani da ɗaurayar wanki suke tafiya. Uwargida ta dubi layukan ta dube ni ta ce, "To Malam, yanzu wa za a yi wa faɗan?" Ban amsa ba, don ni na fi kowa danna masan nan.

Don ka san inda ka tsaya: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum ɗaya a rana a matsayin ƙaramin abin da zai ishe shi sha da girki da 'yar tsabta, lita 50 kuma ita ce inda ake samun sukuni har da wanka da wanki. Ka raba lissafinka da yawan mutanen gida. In kun yi ƙasa da lita 20, gidanku ba ragi yake bukata ba, ƙari yake bukata, sai ka tsallaka kai tsaye zuwa maganar tara ruwa.

Mataki na biyu: toshe yoyo

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a yini da dare, jarka guda ke nan. Kada ka yarda da ni, ka tara babban kwano a ƙarƙashinsa na awa ɗaya ka ninka sau 24. Galibi 'yar robar cikin kan famfon ce ta cinye, kuɗinta bai kai na jarkar ruwa biyu ba.

Ɓarawon da ya fi wuyar kamawa shi ne tankin masai. Ɗiga ɗan shuɗi ko kalar girki a cikinsa, kada kowa ya danna, ka dawo bayan minti ashirin. In ka ga launin ya sauko cikin masan, ruwa na zurarewa dare da rana ba tare da ƙara ba. Sai kuma tankin sama da ke ambaliya duk ranar da aka kawo wuta aka tayar da injin aka manta da shi. A sa masa balbalin da ke rufe kansa in ya cika. A duba bututun da aka binne ma: duk inda ka ga ciyawa kore shar a tsakar gida cikin watan Fabrairu, tona wurin.

Mataki na uku: ruwa ɗaya, aiki biyu

A nan ne aka fi samun riba, kuma iyayenmu mata sun riga mu sani. Ƙa'idar ita ce kada ruwa ya shiga kwata sai ya yi aiki biyu.

Ajiye babban baho ko durom ɗaya a kusa da banɗaki, wanda kowa ya san ba na sha ba ne, har ma a shafa masa jan fenti. Ruwan ɗaurayar wanki a juye a ciki. Mai wanka ya tsaya cikin faffaɗan baho, abin da ya taru a juye a ciki. Da wannan ruwa ake kora masai, a goge daɓe, a yayyafa wa tsakar gida kafin shara don kwantar da ƙurar hunturu. Tsohon tankin masai yana sakin lita 9 ko fiye a dannawa ɗaya. Mutum takwas, kowa sau uku, lissafa ka gani. Da muka koma kora shi da ruwan ɗauraya, jarka huɗu suka fita daga lissafinmu na yini. Wanda ba zai iya rabuwa da dannawa ba, ya cika robar lita ɗaya da rabi da yashi da ruwa, ya rufe ta, ya tsayar da ita a cikin tankin ta gefen da ba za ta taɓa ƙarfen ba.

Wanki kuma a tara shi, a fara da fararen kaya, sannan masu launi, a ƙare da tsummoki, duk a ruwa ɗaya. A rage garin sabulu, don yawan kumfa ke jawo ɗauraya uku da huɗu. Wanke-wanke a yi shi a daro biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, bayan an kankare tukunya an share maiƙon kwano da takarda ko toka. Ruwan wankin shinkafa da na alayyafo da karas, wannan na shuke-shuke ne da awaki, bai kamata ya haɗu da na sabulu ba.

Sharuɗɗa uku ne ba a wasa da su. Ruwan da aka yi aiki da shi kada ya kwana biyu, zai yi wari ya tara ƙwayoyin cuta. Ruwan wankin kashin jariri ko kayan mara lafiya masai zai wuce kai tsaye. Sannan ruwan sabulu ba a zuba shi kan ganyen da ake ci ɗanye, kamar latas da kabeji. Gindin mangwaro ko gwaiba ya fi dacewa da shi, mai bilic kuwa ko gindin bishiya kada ya je.

Sai alwala. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Anas, cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Wannan mudun bai kai lita ɗaya ba. Ka tsaya wata rana a bakin famfunan masallacin Juma'a ka ga yadda muke sakin ruwa muna gaisawa da na kusa da mu, famfo na zuba, hannu bai ko kai gare shi ba. Buta ta fi famfo adalci. A gida mun sa wa kowa ƙa'ida: rabin buta, a kuma yi alwalar a gindin zogalen da ke bakin ƙofa. Zogalen bai taɓa sanin an yi rani ba.

Inda ba a tsuke hannu

Ruwan sha da na wanke hannu ba a rage su, ko da kuwa jarka ta yi tsada. Amai da gudawa a lokacin ƙarancin ruwa suke samun ƙofa, sa'ad da aka koma ɗiban ruwa a ko'ina, aka kuma daina wanke hannu. Huda ƙaramar jarka kusa da wuyanta da ƙusa mai zafi, ka rataye ta a bakin banɗaki da sabulu a gefe. Siririn ruwan da take zubarwa in an karkata ta ya isa wanke hannu tas.

Ruwan mai ruwa, ba ka san inda ya ɗebo shi ba. In ya yi duhu, a sa alif ko dakakken ƙwayar zogale ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle. Amma kwantar da laka daban, kashe cuta daban. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin da ake sayarwa a kemis bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar. In gawayi ya yi tsada, akwai rana: zuba garai-garai ɗin ruwa a robar da ake ganin cikinta sarai, wadda ba ta wuce lita 2 ba, ka kwantar da ita kan kwanon ɗaki awa shida cikin rana tsantsa. Ranar hazo ko gajimare sai ta yi kwana biyu. Randa kuma ta kasance da murfi da moɗa ɗaya mai dogon hannu, wadda ba a sha da ita.

Mataki na huɗu: kama ruwan damina

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin rani a damina ake yin sa, shirin damina kuma a watan Maris.

Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufin da ya kai mita 10 a tsawo da 8 a faɗi, murabba'in mita 80 ke nan. Ninka da 1,300, ka samu lita 104,000. Cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsala da wanda ake zubarwa, saura sama da lita 80,000 a shekara, daga rufi ɗaya. Duk wannan yana bin indararo ya shiga kwata ya tafi kogin Dilimi, mu kuma bayan wata uku muna rigima da mai kura a kan canji.

Sai dai kada in yaudare ka. Gida mai mutum takwas da ke shan lita 200 a rana yana bukatar lita 30,000 kafin ya ƙetare kwana 150 na rani, kuma ba kowa ke da halin gina tafkin siminti a ƙarƙashin ƙasa ba. Tankin roba mai lita 2,000 ba zai kai ka damina ba in da shi za a yi komai. Amma in ka cika shi a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ka kulle, ka ce ba za a taɓa shi ba sai rijiya ta ƙafe, kuma don sha da girki kawai, lita 40 a rana, zai yi maka kwana 50. Kwana hamsin ɗin nan su ne daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da ruwa ya fi tsada a gari.

Yadda ake haɗawa: a kafa magudana a bakin kwano, a ɗan karkata ta zuwa gefe ɗaya. A sa raga a bakin bututu don ganye da ƙadangaru. Tanki ya zama baƙi ko wanda haske ba ya ratsa shi, don haske ne ke haifar da gansakuka. A ɗora shi kan dakalin siminti mai faɗi daidai gindinsa; lita 1,000 nauyin tan ɗaya ce, bulo huɗu da katako ba za su ɗauka ba. Murfi ya rufu gam, bakin ambaliya ma a ɗaure masa gidan sauro, in ba haka ba ka gina wa sauro masauki a tsakar gidanka.

Kuskurena na shekarar farko shi ne kwaɗayi. Ruwan farko ya sauko a Afrilu, na yi murna na bar shi ya shiga tanki duka. Wanda ya haɗa mini bututun bai gaya mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙurar wata biyar, kashin tantabaru, da wani mushen ɓera da ban san yadda ya hau rufi ba, duk suka sauka ciki. Bayan kwana huɗu ko kusa da tankin ba a iya tsayawa. Ka bar ruwa biyu ko uku na farkon damina su wanke rufi su wuce. Bayan haka ma, duk lokacin da aka fara ruwa, mintunan farko a kautar da bututun gefe, sai ya yi garau a mayar. Kuma ko ya yi garau, na sha sai an tafasa ko an sa magani.

Ruwan da ya fi ƙarfin tanki kada a kore shi waje da gaggawa. Wannan yayin na mulke tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango yana cikin abin da ke kashe rijiyoyi. Bar wani yanki da ƙasa ko tsakuwa, ko ka haƙa rami ka cika shi da duwatsu inda ambaliyar za ta nutse, amma nesa da shadda da harsashin gini.

Mai ɗan lambu a bayan gida ya yi ban-ruwa da asuba ko bayan la'asar, ya rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ya yawaita takin gargajiya. Dabarar da na fi so ita ce binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar kwami, a cika shi a rufe. Yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan kai tsaye ga saiwa. Bishiyar turare kuwa, wadda aka daddasa a tsofaffin filayen haƙar kuza, tana da shan ruwa. Kada ka dasa ta kusa da rijiya.

Mataki na biyar: fita da waya

Duk abin da na lissafa a sama, gida ɗaya yake gyarawa. Amma rijiyarka da ta maƙwabcinka ruwa ɗaya suke ja a ƙarƙashin ƙasa, kuma madatsun da ke ba garin ruwa, irin su Lamingo da Liberty da ta Yakubu Gowon, ba su san gidan da ya yi tattali da wanda ya yi ɓarna ba. Na gwada magana a majalisa, aka ce Malam ya fara karatun boko. Abin da ya sa aka saurare ni hoto ne. Gani ya kori ji.

Sai dai ba kowane hoto ba. Na daɗe ina ɗaukar faɗuwar rana a kan duwatsun Shere da zubar ruwan Assop, ina sawa a Facebook, ana cewa masha Allah, ana wucewa. Kyakkyawan hoto yana sa a yaba, ba ya sa a motsa. Wanda ke sa mutum ya yi shiru ya sake dubawa shi ne hoto biyu na wuri ɗaya a lokaci biyu. Da haka duniya ta gane halin da Tafkin Chadi ya shiga: hotunan sama suka nuna tafkin da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya rasa kusan kashi tara cikin goma na faɗinsa zuwa shekarun 1980. Abin da tauraron ɗan'adam ya yi wa tafki, wayarka za ta yi wa rafin bayan unguwarku. Kuma ba su rasa dangantaka ba: Dilimin da muke zuba wa shara yana gangarawa Bauchi ya shiga kogin Jama'are, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya nufi tafkin nan.

Zaɓi wuri ɗaya wanda ƙafa za ta kai ka ba sai ka hau keke-napep ba, don wurin da ke da nisa wata biyu za ka yi ka gaji. Gaɓar rafi, kududdufin kuza da masu lambu ke ban-ruwa da shi, idon ruwa a gindin dutse, ko bakin rijiyar unguwa.

Sannan ka kafa wurin tsayuwa. Wannan shi ne ran aikin, kuma shi na ɓata a karon farko: na ɗauki hoton Oktoba daga kan gada, na Maris daga ƙasanta, na haɗa su, wani ya ce ai wurare biyu ne daban, kuma ban iya musa masa ba. Nemi abin da ba ya motsi, dutse ko ginshiƙin gada ko turken wuta, ka jingina da shi. Riƙe wayar a kwance, daidai ƙirji. Ka tabbatar akwai wata alama tsayayya a cikin hoton, kamar dutsen da ruwa ke rufewa a damina, ita ce ma'auninka. Kunna layukan raga a saitin kyamara, ka lura da inda alamar ta faɗa a kan layukan, kullum ta faɗa a nan. Kafin ka ɗauki sabo, buɗe na watan jiya ka daidaita.

Rana ɗaya a wata ta isa, a sa'a ɗaya. Ni Asabar ɗin farkon wata nake zuwa, wajen ƙarfe bakwai na safe. Hasken safiya da na bayan la'asar yana zuwa a kaikaice, yana fito da tsagewar laka da layin da ruwa ya bari a jikin dutse. Na tsakar rana baje komai yake yi. Rana ta kasance a bayanka ko a gefenka. Goge gilashin kyamara da gefen riga kafin komai, musamman a hunturu, don rabin hotunan da ake cewa hazo ne ya ɓata su maiƙon yatsa ne. Taɓa allon a kan ruwan don ya kama, in ya yi ƙyalli da yawa ka ɗan rage hasken. Kada ka ja hoto da yatsa, matsa da ƙafa. Kuma kada ka ƙara masa launi ko ka rage, ranar da aka kama ka da gyara ɗaya, duk sauran sun zama ƙarya.

Bayan hoton ma'auni, ka ɗauki na kusa guda biyu ko uku, don su ke ba labarin rai: sawun shanu a busasshen taɓo, tiyon injin ban-ruwa da aka ƙara wa tsawo yana bin ruwan da ke gudu, balbela tsaye a ɗan abin da ya rage, ledojin fiya-wata da suka toshe magudana. Kada ka tsaya kan ɓarna kaɗai, mutane suna gajiya da baƙin labari. Nuna musu abin da ake tsoron rasawa. A dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take a ƙarƙashin Jami'ar Jos, akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu wanda masana ba su tantance shi a matsayin jinsi na daban ba sai a 1998. A rani irin waɗannan ƙananan tsuntsaye suna taruwa a duk inda ɗan ruwa ya saura. Ajiye kasko da ruwa a inuwa a gidanka, kana canza shi kullum, ka zauna shiru da asuba. Yaranka za su fi ka samun hotuna.

Maganar ladabi da tsaro kuwa, kowa ya san halin garin nan. Kada ka shiga unguwa ko ƙauyen da ba a san ka ba ka hau ɗaga waya. Gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tafi da ɗan wurin. Madatsun gwamnati sai da izini, shingen jami'an tsaro kuwa ko a kuskure kada ya shiga hotonka. Mata masu ɗiban ruwa da yara ba a ɗaukar su sai sun yarda, ko iyayensu sun yarda, kuma sau da yawa layin jarkoki ba kowa a jiki ya fi fuska magana. Kududdufan kuza, waɗanda haƙar ma'adinai ta bari tun zamanin Turawa, gaɓarsu a tsaye take, zurfinsu ba a ganinsa, sun ci rayuka da dama. Tsaya nesa da baki, kada ka aiki yaro, kada kuma a sha ruwansu.

Kowane hoto ka rubuta masa wuri da kwanan wata a ranar, ka ajiye na asali a wani wuri ban da waya. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don hanyar da aka saba tana rage masa kyau.

Mataki na ƙarshe: kai hoton inda zai yi aiki

Haɗa na Oktoba da na Maris gefe da gefe. Rubutun ƙasa ya zama gajere: sunan wuri, ranaku biyun, da abu ɗaya tak da kake roƙo a yi, kamar a daina zuba shara daga kan gada, ko a fito gayya ranar Asabar. Ban da zagi, ban da nuna yatsa ga wata unguwa ko wata ƙabila. Ruwan Jos ya ratsa kowa. Ranar Ruwa ta Duniya, 22 ga Maris, tana faɗowa daidai lokacin da rijiyoyinmu suke ƙafewa, dama ce ta kai hotunan makarantar firamare ko Islamiyya a manna a allo. In bututun gwamnati ne ya fashe a titi, hoto mai kwanan wata na kwana uku a jere, tare da takarda mai sa hannun mai unguwa, ya fi zuwan mutum goma da baki.

Ni dai abin da ya fi yi mini aiki ba intanet ba ne. Wanke hotuna biyu na rafin unguwarmu na yi a takarda, manya, na kai majalisar ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon na Maris, ledoji da ɗan baƙin ruwa a tsakiya kamar zare.

"Wannan kuma wane gari ne?"

"Ranka ya daɗe, bayan gidan nan ne. Ga dutsen da ake shanya."

Ya ɗora yatsa kan dutsen. Ya ce a nan suka koyi iyo suna yara, daga kansa suke daka tsalle, har da kifi suke kamawa da kwando. Wani dattijo a gefe ya ce ƙarya ne, shi bai taɓa iya iyo ba, tsayawa yake yi yana gadin riguna. Aka yi dariya, hotunan suka zaga hannu zuwa hannu, suka dawo da tabon goro. Kafin a kira magariba an tsayar da Asabar, an ce kowane gida ya kawo shebur ko buhu, liman kuma zai yi maganar buta a huɗuba.

Mutum goma sha ɗaya suka fito, cikin gidaje sama da arba'in. Mun kwashe abin da muka iya. Da na koma a Asabar ɗin farkon Afrilu, na jingina da turken wutar nan na daidaita dutsen a kan layinsa, sababbin ledoji sun fara taruwa ta gefen gada, sai dai ruwan yana tafiya. A saman hoton, can gefen hagu, akwai wani baƙin ɗigo da na ɗauka datti ne a gilashi. Da na buɗe shi a gida, uwargida ta leƙo ta ce, "Shamuwa ce. Je ka duba magudanar nan kafin ruwa ya same mu."